E. O. Wilson: Daga Bakin Shuri Zuwa Rigimar Halin Ɗan Adam

Edward Osborne Wilson ya rasu ranar 26 ga Disamba, 2021, yana da shekara 92, bayan ya shafe kusan shekara 80 yana leƙen gidajen tururuwa. A zamaninsa da wuya a nuna wanda ya kai shi sanin wannan ƙwaro. Nau'in tururuwa fiye da 400 shi ya fara siffanta su ya raɗa musu suna. Ya koyar a Jami'ar Harvard ta Amurka shekara 40, ya ci kyautar marubuta ta Pulitzer sau biyu, a 2000 kuma aka ba shi lambar yabo ta Sarki Faisal a fannin kimiyya. Shi ne kuma masanin da aka taɓa sheƙa wa ruwan ƙanƙara a ka a gaban taron 'yan'uwansa masana, wanda ko bayan ƙasa ta rufe masa ido ba a daina ja-in-ja a kansa ba.

Abin da ya sa lamarinsa ya cancanci a zauna a duba shi ne, Wilson bai taɓa yarda ya tsaya a bakin shuri ba. Duk abin da ya gano a wurin tururuwa sai ya ɗauka ya yi gaba da shi: daga tururuwa zuwa tsibirai, daga ƙwari zuwa dabbobi, daga dabbobi zuwa ɗan Adam. Wani zubin ya dira lafiya, wani zubin ya gurɗe. A ganina abu guda ne ya raba biyun, wato ko maganar da ya yi ana iya kai ta fili a gwada, ko ba a iyawa.

Ido ɗaya da ƙarancin allura

An haife shi ranar 10 ga Yuni, 1929, a garin Birmingham na jihar Alabama, can kudancin Amurka. Shi kaɗai iyayensa suka haifa, yana shekara bakwai kuma aurensu ya mutu. A wannan shekarar, yana kamun kifi a bakin teku kusa da Pensacola, ya fizgo ƙugiya da ƙarfi, wani ƙaramin kifi mai ƙaya ya taso ya soke shi a idon dama. Yaron ya daure ya ci gaba da kamun kifinsa. Bayan 'yan watanni yana ta rufe idon, aka yi masa aiki, ya tashi da ido ɗaya. Na hagun da ya rage kuwa kaifi gare shi a kusa, har gashin jikin ƙaramin ƙwaro yana gani. Da ya fara tasawa kuma kunnensa ya daina jin siririyar ƙara. Wanda ba ya hangen nesa sosai, ba ya jin kukan tsuntsu, ai shi da nazarin tsuntsaye sai dai kallo. Ƙwari suka rage masa.

Ko a cikin ƙwarin ma, ƙudaje ya so ya tara. To amma saboda Yaƙin Duniya na Biyu, siraran allurai da ake soke ƙwari a adana su daga Turai ake kawo su, sun yi ɓatan dabo. Tururuwa ba ta buƙatar allura, 'yar kwalba da ruwan sifirit sun isa. Haka ya faɗa hannunta.

Yana shekara 13, a wani kango kusa da gidansu a garin Mobile mai tashar jiragen ruwa, ya ci karo da shurin wata jar tururuwa mai zafin harbi da ba a san ta a ƙasar ba. Tururuwar wuta ce, wadda jiragen ruwa suka shigo da ita daga Kudancin Amurka. A 1949, yana ɗalibi a Jami'ar Alabama, hukumar kula da namun daji ta jihar ta ɗauke shi ya bi sawun yaɗuwarta. Daga 1957 gwamnatin Amurka ta shiga feshin guba da jiragen sama don ta kawar da ita. Tsuntsaye da kifaye suka yi ta mutuwa, tururuwar kuwa ta ci gaba da cin ƙasa. Wilson ya kira wannan yaƙi Biyetnam ɗin masana ƙwari, wato yaƙin da aka yi ta asara ba nasara, kamar na Amurka a Biyetnam.

Ya isa Harvard a 1951, inda ake da ɗaya daga cikin manyan ma'adanan tururuwa na duniya. Tsakanin 1954 da 1955 ya zaga Fiji, Niyu Kaledoniya, Ostireliya da Niyu Gini yana tono da tattarawa. Ya kammala digirin digirgir a 1955, aka ɗauke shi koyarwa a 1956. Bai shigo a sa'a ba. Lokacin ne James Watson, wanda shi da Francis Crick suka gano surar DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da gadon halitta, ya zo sashen, kuma a wurin Watson masu yawon daji da kwalabe ba masana ba ne, masu tara tarkace ne. Wannan rainin ya zauna wa Wilson a rai. Ina jin yana cikin abin da ya riƙa tunzura shi neman manyan ƙa'idoji, don kada a ce aikinsa ƙirga ƙafar ƙwaro ne kawai.

Yadda ya gano maganar tururuwa

Kowa ya taɓa ganin layin tururuwa daga shuri zuwa wurin hatsi. An daɗe ana zaton wari suke bi, amma daga wace gaɓa warin yake fitowa, ba wanda ya sani. A ƙarshen shekarun 1950 Wilson ya ajiye gidan tururuwar wuta a cikin akwati mai garai-garai a ɗakin bincikensa. Ya lura cewa wadda ta sami abinci, in za ta koma gida, takan riƙa jan ƙarinta a ƙasa. Sai ya sa ma'aikaciyar tururuwa guda a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ya ɗauki matsefata irin ta masu gyaran agogo, ya buɗe cikinta. A tuna, duk tsawon jikinta bai wuce milimita biyu zuwa biyar ba. Ya riƙa ciro kayan cikin ɗaya bayan ɗaya, ya murtsuke kowanne a tsinin ɗan tsinke, ya ja layi da shi daga ƙofar gidan. Jakar dafi, shiru. Hanji, shiru. Sai ya zo kan wata 'yar jaka siririya a gindin ƙari, wadda ake kira jakar Dufour, da ba a san amfaninta ba. Yana jan layi, tururuwa suka ɓarko daga gida suna hawan juna, suka bi layin har inda ya ƙare, suka tsaya suna dube-dube, ba abinci. Ya buga sakamakon a 1959.

Irin wannan sinadarin saƙo shi ake kira feromon. Abin sha'awa a nan shi ne, na tururuwar wuta ba ya daɗewa, cikin kamar minti biyu ya bi iska. Saurin gushewar nan shi ne dabarar. Muddin akwai abinci, duk wadda ta ƙoshi za ta ƙara wari a hanyar komawa, layi ya yi ƙarfi, wasu su ƙaru. Da abinci ya ƙare, masu komawa ba sa ja, hanya ta mutu da kanta. Babu mai ba da umarni. Ita wadda ake kira sarauniya ba ta mulkin kowa, aikinta saka ƙwai.

Gwajin da ya fi ba mutane dariya shi ne na gawa. In tururuwa ta mutu a cikin gida, 'yan'uwanta sukan yi kwana biyu suna ratsa ta ba su kula ba, sannan wata ta ɗauke ta ta kai juji. Wilson da abokan aikinsa suka yi ta shafa wa 'yan guntayen takarda sinadaran ruɓa iri-iri, ɗakin ya cika da ɗoyi, har suka dace da wani mai suna asid ɗin oleyik. Duk abin da aka shafa wa shi, juji. Sai suka ɗiga shi a jikin rayayyar tururuwa. Nan take aka cicciɓe ta, tana wutsil-wutsil, aka kai ta juji aka yar. Ta lashe jikinta ta dawo, in da sauran wari a sake ɗaukar ta. Sai ta wanku sarai ake barin ta ta koma cikin masu rai.

Daga baya wata masaniya, Deborah Gordon, ta sake gwajin a 1983 ta nuna cewa abin ya danganta da aikin da gidan yake ciki a lokacin: in suna tsakiyar neman abinci, takardar ma cikin gida suke kai ta. Wannan gyara bai rage wa Wilson komai ba. Maganar da aka gina a kan tsinke da gilashi, kowa na iya zuwa da nasa tsinken ya duba.

Tsibiran da aka rufe da tanti

Tafiyarsa ta tekun Pasifik ta bar shi da wata tambaya. Ya lura cewa yawan nau'in tururuwa a tsibiri yana bin girman tsibirin a kan wani ma'auni: in faɗin ƙasa ya ninka sau goma, nau'o'in sukan ninka kamar sau biyu. Shi ba gwanin lissafi ba ne, bai kuma ɓoye ba. Sai ya haɗa kai da Robert MacArthur, matashin masani mai kan lissafi, suka fitar da nazariyya a 1963, suka faɗaɗa ta a littafi a 1967. Abin da suka ce shi ne, kullum baƙin halittu na isowa tsibiri, kullum kuma wasu na ƙarewa, yawan da ake gani shi ne inda biyun suka yi kunnen doki. Tsibiri na kusa da tudu ya fi samun baƙi, ƙaramin tsibiri ya fi saurin rasa nasa. Kamar kasuwar ƙauye ce, masu rumfa na sauyawa, yawan rumfunan na nan yadda yake.

Suna da shaida guda daga tarihi. Dutsen Krakatau na Indonesiya ya yi aman wuta a 1883 ya shafe duk wani mai rai a tsibirin, kuma cikin shekara 40 nau'in tsuntsayen da suka dawo ya kusa 30, daidai da abin da lissafinsu ya nuna. Amma Wilson bai gamsu da shaidar da ba shi ya shirya ta ba. Tunda ba a yi wa dutse umarni, sai ya nemi ƙananan tsibirai da zai iya shafewa da kansa.

Ya same su a kudancin Florida, 'yan kurmin itatuwan mangurob da ke tsirowa a cikin ruwan gishiri, kowanne faɗinsa mita 11 zuwa 18. Shi da ɗalibinsa Daniel Simberloff suka fara da ƙirga duk wani ƙwaro da gizo-gizo da ke kai, reshe bayan reshe, suna ɓare ɓawo suna fasa busassun rassa. Kowane tsibiri na ɗauke da nau'i 20 zuwa 50. Feshin farko bai kai ga tsutsotsin da ke cikin itace ba. Sai suka yi hayar kamfanin kashe ƙwarin gidaje, aka kafa ƙarafa, aka lulluɓe tsibiri sukutum da tanti, aka tura masa hayaƙin guba daidai gwargwadon da zai kashe ƙwari ya bar itace. Tsibiri shida aka yi wa haka tsakanin 1966 da 1967. Simberloff, wanda shi ya sha mafi yawan wahalar taɓo da sauro, ya riƙa komawa yana ƙirga masu isowa. Kafin shekara ta cika duk sun koma kusan adadinsu na da, ban da mafi nisa, wanda ya yi jinkiri. Adadi ya dawo, amma da yawa cikin mazaunan sababbi ne.

Wannan tsalle ya dira lafiya, ya kuma yi nisa fiye da yadda suka zata. Gandun dajin da gonaki suka zagaye ai tsibiri ne, don haka lissafin ya zama abin da masu kare namun daji ke kimanta asarar halittu da shi in an sare daji. MacArthur bai ga wannan ba, ciwon daji ya kashe shi a 1972 yana da shekara 42. Simberloff kuwa a 1976 ya fito ya ce nazariyyar ba ta tabbatar da cewa babban gandu guda ya fi ƙanana da yawa ba. Ɗalibi ya ja da malaminsa da alƙaluma, fannin kuma ya ƙaru.

Babi na 27

Akwai wani ƙulli a rayuwar tururuwa da ya dami Charles Darwin, mai nazariyyar juyin halitta, tun 1859. Ma'aikatan gida duk mata ne, galibinsu ba sa haihuwa, suna rainon 'ya'yan uwarsu har su mutu a bakin aiki. In gado ta hanyar haihuwa yake tafiya, yaya halin ƙin haihuwa zai ɗore? A 1964 wani ɗalibi ɗan Ingila, William Hamilton, ya kawo amsa. Wanda ya taimaki ɗan'uwansa ya haihu, ƙwayoyin gadonsa ya taimaka, tunda suna tarayya a cikinsu. A wurin tururuwa da zuma da rina kuma namiji daga ƙwan da ba a barbara ba yake fitowa, wanda hakan ya sa 'yan'uwa mata uba ɗaya suke tarayya da kashi 75 cikin 100, alhali uwa da 'yarta 50 ne. Ke nan rainon ƙanwa ya fi haihuwar 'ya riba. Wilson ya karanta takardar a jirgin ƙasa daga Boston zuwa Miami a 1965. Ya ce da ƙi ya fara, kafin jirgi ya isa ya miƙa wuya. Shi ya zama babban mai tallata ta.

A kan wannan tubali ya gina littafinsa Sociobiology na 1975, mai kusan shafi 700, da ya bi zaman tare na halittu tun daga ƙwari har birai. Babi 26 sun sha yabo. Na 27, na ƙarshe, a kan mutane ne. A nan ya ce faɗa, ƙabilanci, addini da rabon aiki tsakanin maza da mata duk suna iya samun saiwa a gado. A wata maƙala ta jarida a shekarar ma ya yi hasashen cewa ko an daidaita ilimi da dama, maza za su ci gaba da rinjaye a siyasa da kasuwanci da kimiyya.

A Nuwamba 1975 wasu masana suka buga buɗaɗɗiyar wasiƙa suna danganta irin wannan tunani da dokokin dandaƙe mutane a Amurka da kisan kiyashin 'yan Nazi. Cikin masu sa hannu akwai Stephen Jay Gould da Richard Lewontin, abokan aikinsa a gini ɗaya. Lewontin ma Wilson na cikin waɗanda suka tsaya aka ɗauko shi Harvard. A Fabrairu 1978, a babban taron masana kimiyya a Washington, yana zaune da ɗori a ƙafa yana shirin jawabi, masu zanga-zanga suka hau dandamali, ɗaya ta juye masa jug na ruwan ƙanƙara. Gould, da ke zaune a wurin, ya karɓi makirufo ya yi tir da abin. Wilson ya goge kansa ya karanta takardarsa.

Wasiƙar ta wuce gona da iri, ruwan kuma rashin ɗa'a ne. Amma in aka cire hayaniyar, akwai ƙashin gaskiya a sukar Lewontin. A wurin tururuwa Wilson yana da tsinke da tanti. A wurin mutum ba shi da ko ɗaya. Ba a rufe al'umma da tanti a shafe tarihinta a ga abin da zai tsiro. Don an ga hali ya yaɗu a al'ummu da yawa bai nuna a jini yake ba. Shi kansa ya sassauta daga baya, ya ce gado ya ɗaure al'ada da igiya amma igiyar doguwa ce. Tsawonta nawa? A nan duk gardamar take, kuma bai taɓa iya aunawa ba.

Komawa ga shuri, da rigima ta biyu

Bai bar tururuwa ba duk tsawon wannan ƙura. A 1987 ya ba da rahoton nau'i 43 daga itace guda a dajin Tambopata na Peru, kusan adadin da ke duk tsibiran Birtaniya. Shi da Bajamushe Bert Hölldobler suka fitar da ƙaton littafin The Ants a 1990, wanda ya kawo masa Pulitzer ta biyu. A 2003 ya kammala bitar dangin tururuwa guda mai suna Pheidole, nau'i fiye da 600, fiye da rabi sababbi ga kimiyya, zanen kuma da hannunsa ya yi.

Sai a 2010, yana da shekara 81, ya juya wa Hamilton baya. Shi da masana lissafi biyu na Harvard, Martin Nowak da Corina Tarnita, suka rubuta a mujallar Nature cewa nazariyyar zumunci ba ta da amfanin da ake ba ta, gasa tsakanin rukuni da rukuni ce ta haifar da zaman tururuwa. Yana da abin kamawa. Gara ba ta da wancan tsari na kashi 75, ga ta kuma da sarauniya da sojoji da ma'aikata. Sarauniyar wasu tururuwa da maza da yawa take barbara, lissafin ya rushe. Sai dai masana sun daɗe da sanin haka, sun kuma ce ƙa'idar Hamilton ba a kan kashi 75 kaɗai ta tsaya ba. Masana 137 suka sa hannu a martani guda. Dattijon bai janye ba har ya mutu, galibin masana fannin su ma ba su bi shi ba.

Shekarunsa na ƙarshe kare halittu ya sa a gaba. A 2011 ya fara zuwa gandun Gorongosa na Mozambik, wanda yaƙin basasar 1977 zuwa 1992 ya cinye fiye da kashi 90 cikin 100 na manyan dabbobinsa. A 2014 aka buɗe ɗakin bincike da sunansa a can, inda ake horar da matasan ƙasar. A 2016 ya yi kira a keɓe rabin doron ƙasa da teku ga sauran halittu, yana cewa bisa lissafin tsibirai hakan zai ceci fiye da kashi 80 cikin 100 na nau'o'in. Masu suka suka tambaye shi rabin wa za a ɗauka, tunda wuraren da suka fi yalwar halittu manoma da makiyaya da mafarauta na zaune a cikinsu. A Disamba 2022 ƙasashe kusan 190 suka amince a Montreal da kashi 30 cikin 100 kafin 2030.

Makonni kaɗan bayan rasuwarsa, masana tarihi da suka bi takardunsa a ɗakin karatu na Majalisar Dokokin Amurka suka fito da wasiƙun da ya yi ta musaya da J. Philippe Rushton, wani malamin jami'a a Kanada da ya shahara da iƙirarin cewa jinsunan mutane hawa-hawa ne a basira, baƙar fata a ƙasa. Wasiƙun sun nuna Wilson ya tsaya wa wata takardar Rushton ta shiga mujallar cibiyar kimiyya ta ƙasa a 1986, ya ƙarfafa masa gwiwa a asirce, ya kuma rubuta wasiƙar goyon baya lokacin da jami'ar Rushton ke bincikensa. A bainar jama'a kuwa kullum yana nesanta kansa da wariyar launin fata. Hölldobler da wasu abokansa sun kare shi, suka ce wanda aka taɓa yi wa taron dangi ne yake tausayin wani da ya ga ana yi wa. Wannan uzuri zai iya ɗaukar wasiƙar da ya aika wa jami'a. Bai ɗauki yabon da ya yi wa aikin Rushton kansa ba, aikin da sashen da Rushton ya koyar a cikinsa ya fito a 2020 ya ce cike yake da kurakurai da wariya, wasu mujallu kuma suka janye takardunsa.